Kujerar da Zailani Ya Gani a Majigi

Akwai wani manomi da aka yi a Daudawa ta ƙasar Faskari, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ana ce masa Zailani.

Ba malalaci ba ne, kuma ba mugu ba ne. Idan ana neman wanda zai riƙe garmar shanu tun da sassafe har rana ta take bai ce ya gaji ba, shi za a nuna. Aibinsa ɗaya ne. Idonsa ba ya zama a cikin gidansa.

Yana da maƙwabci kuma aboki mai suna Gide. Kaciyarsu ɗaya, tare suka yi kiwo suna yara, tare suka koyi huɗa da shanu. Kowannensu yana da shanun huɗa biyu da garma. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a sabuwar unguwar da ke bakin gari, inda waɗanda auduga ta yi wa rana suka koma suka yi gini.

A lokacin auduga tana kuɗi. Da kaka ta yi sai a kai ta fuloti, wato kasuwar auduga, a auna, mutum ya dawo gida aljihunsa da nauyi. Motocin Funtuwa kuma ba sa zuwa haka nan. Suna zuwa da kayan kanti irin waɗanda iyaye da kakanni ba su taɓa gani ba.

Gide ne ya fara sayen keke. Ba don kowa ya saya ba. Gonarsa tana da nisa, kuma yana da ƙanwa da ke aure a Sabuwa. Zailani ya fito ya zagaya keken, ya taɓa ƙararrawa, ya ce Allah ya tsare. Da ya koma gida aka kawo masa tuwo, bai ci rabi ba ya ture.

Kasuwa na zagayowa ya sayo nasa keken, mai fitila da madubi.

Shi ma Gide ba waliyyi ba ne. Da ya ga madubin ya gane saƙon. Ya sayi gadon ƙarfe, ya sa aka sauke shi a ƙofar gida ya wuni a nan kafin a shigar da shi. Zailani ya sayi gado mai rumfa. Gide ya rufe ɗakin matarsa da kwano. Zailani ya rufe nasa ɗakin, ya rufe na matarsa Baraka, ya haɗa har da zaure, don shi ne mai wucewa ke gani. Ɗakin mahaifiyarsa kaɗai ya rage da ciyawa, don tsohuwar, wadda kowa ke ce wa Goggo, ta ce ba za a dafa ta da ranta ba.

Kuɗin auduga bai kai ga kwanon zaure ba. Sai ya buɗe rumbu ya ɗebi dawa ya kai kasuwa.

Baraka tana tsaye ana ɗaure buhuna. Ta bari mutane suka fita, sannan ta ce, "Malam, wannan dawar fa ta damina ce."

"Na sani."

"Kwano kau ba a tuƙa shi."

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Ban taɓa barin ku da yunwa ba."

Gaskiya ya faɗa, don har ranar bai taɓa ba.

Duk wannan abin Zailani da Gide ba su taɓa sa-in-sa ba. Suna gaisawa da safe, suna tafiya masallaci tare. Sai dai hirar da suke yi a da a kan tabarma ɗaya ta ragu. Kowa ya koma gaida ɗan'uwansa yana leƙen bayansa, ko an sauke wani sabon abu.

Ana nan cikin rani sai mai shela ya zagaya gari, ya ce motar majigi za ta zo, kowa ya hallara a filin ƙofar gidan mai gari bayan magariba.

Aka kafa sanduna biyu aka ɗaura farin ƙyalle. Inji ya tashi. Yara suka zauna a gaba, maza a tsakiya, tsofaffin mata can gefe. Zailani ya zo a kan kekensa da fitila a kunne, ko da yake filin bai fi jifa biyu daga gidansa ba. Gide ma haka.

Aka fara nuna yadda ake haƙa masai, aka nuna yadda ake tsinke ciyawa a gonar auduga. Wani ma'aikacin En'e, hukumar sarki ta lokacin, yana riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Mutane suka yi haƙuri suka kalla, don sun san abin dariya a ƙarshe yake zuwa.

Da aka zo kansa, sai ga wata unguwa ta masu hali a wajen wani babban birni. Gidaje a jere fes, kowane da furanni a gaba, shingen da ke tsakaninsu bai wuce ƙugu ba. A ciki akwai maƙwabta biyu. Mai bayani bai damu da sunayensu ba, ya raɗa masu nasa: Na Dama da Na Hagu.

Na Dama ya sayi agogon bango. Na Hagu ya leƙo ta taga ya gani, ya je ya sayo wanda sai da mutum huɗu suka ɗauko. Na Dama ya sayi mota. Na Hagu ya sayo wadda ta fi ta tsawo, ta ƙi shiga ƙofar gidansa, ya kwana yana gadin ta a waje. Matansu suna gaisawa ta kan shinge da murmushi, kowace ta juya ta shiga gida ta tasa mijinta a gaba. Mai bayani yana ƙanƙance murya yana kwaikwayon matan, fili ya ɗauki dariya.

Haka suka yi ta saye har ɗakunansu suka cika. A ƙarshe Na Hagu ya rasa inda zai sa ƙafa a gidansa. Ya fito da kwanon abincinsa yana ci a tsaye a cikin ruwan sama. Ya waiga, sai ga Na Dama shi ma a tsaye a waje da nasa kwanon. Nan aka kashe inji.

Wani daga baya ya ce, "Wannan ai a sabuwar unguwa aka ɗauko shi." Aka sake fashewa da dariya, wasu suna juyowa.

Babu wanda ya kai Zailani dariya. Har hawaye ya yi. Shi a ganinsa ba a taɓa zana Gide kamar yadda aka zana shi a ƙyallen nan ba. Can ɗaya gefen Gide ma yana riƙe da ciki, kuma ba sai an faɗa maku wanda yake gani ba.

Amma ba dariyar ce Zailani ya tafi da ita gida ba. A tsakiyar wasan an nuna wata kujera a ɗakin Na Dama. Ƙatuwa ce, mai hannuwa biyu, an lulluɓe ta da yadi. Da mutumin ya zauna sai ta lotsa ta karɓe shi, ya miƙe ƙafa ya lumshe ido. Ba ta daɗe a kan ƙyallen ba. Zailani ya gan ta, kuma ya san babu irinta a Daudawa, har a gidan mai gari.

Da safe Goggo ta tambaye shi abin da aka nuna, don idonta ba ya gani daga nesa.

Ya ce, "Wasu wawaye ne biyu. Amma Goggo, akwai wata kujera."

Ya hau mota ya tafi Funtuwa. Ya zagaya kantuna bai samu ba. Aka kwatanta masa wani kafinta da ke yi wa Turawan kamfani kayan ɗaki. Zailani ya tsuguna ya zana masa kujerar a ƙasa da tsinke. Kafintan ya ce ya gane ta, zai iya, amma sai an sa sifirin a ciki, a cusa audugar rimi, a nemo yadi mai kauri. Da ya faɗi kuɗin, Zailani ya ga sun fi ƙarfin aljihunsa. Duk da haka ya ce a fara aiki.

Ba shi da abin biya sai shanu. Sai ya kwance ɗaya daga cikin biyun, jan sa.

Bai kai san kasuwar kusa ba. Ya kora shi har Kankara, inda yake ganin ba mai gane shi, ya damƙa wa dillali. Da ya dawo ya ce wa mutane san ya rame, ya kai shi ruga wajen Mabai ya sha iska. A ransa ya ce kafin ruwa ya sauka zai san yadda ya yi ya mayar da wani. Bai tsaya ya tambayi kansa da me ba.

Baraka ta ga turke ɗaya babu kowa. Ta dubi mijinta, ya kau da kai.

Ranar da kujera ta iso, unguwa ta fito. Aka sauke ta daga mota, ja wur, tana ƙamshin sabon yadi. Aka zo shigar da ita zaure, ta ƙi shiga. Aka juya ta gefe, aka kifa ta, ta ƙi. Sai da aka kira magini ya fasa bakin ƙofar.

Mutane suka riƙa duban juna suna danne dariya, don ba su manta da motar Na Hagu ba. Zailani bai lura ba. Yana can yana cewa a yi a hankali kada ƙasa ta zuba a kan yadin.

Kujerar ta yi daɗin zama, wannan ba ƙarya. Amma ta zo da abin da bai yi tsammani ba. Mutanen da ke zuwa zaurensa hira bayan la'asar sun saba kowa a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa. Yanzu mai gida yana sama, su suna ƙasa, sai sun ɗaga kai za su yi masa magana. Idan dattijo ya shigo, Zailani ya rasa yadda zai yi. In ya tashi ya ba shi, kujera ta zama ta kowa. In ya zauna, ya yi rashin kunya. Sannu a hankali masu zuwa suka ragu. Suka koma gindin tsamiyar bakin masallaci.

Goggo ta zauna a kanta sau ɗaya. Ta nutse, ƙafafunta suka bar ƙasa, sai da Baraka ta kamo hannunta ta ciro ta.

Ta ce, "Abin da zai haɗiye mutum ya hana shi tashi, ban ga amfaninshi ga manomi ba."

Ba a yi sati biyu ba sai aka ji kiɗa yana tashi daga gidan Gide. Ya sayo garmaho, akwatin nan da ake wanawa a ɗora faifai ya yi waƙa. Yara suka cika ƙofar gidansa. Zailani yana zaune shi kaɗai a kujerarsa, yana jin kiɗan ta kan katanga, yana tunanin abin da ya fi garmaho.

Bazara ta kama. Zafi ya yi tsanani, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata rana da yamma Gide ya yi sallama a zauren Zailani. Babu tabarma a shimfiɗe, kuma Zailani bai tashi ba. Gide ya tsaya a tsaye.

Bayan gaisuwa ya ce, "Zailani, magana na zo da ita, ba kuma mai daɗi ba ce. Sa ɗaya gare ni. Ɗayan shi ne kake ji yana waƙa kullum."

Zailani ya ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya ci gasa. Ya ce, "Ashsha. Ai da ka yi shawara."

"Da na yi. Kai ma da ka yi. Dillalin da na kai ma nawa a Kankara shi ya ce mani, jan san maƙwabcinka ma ta hannuna ya bi."

Zailani ya gyara zama.

Gide ya ci gaba. "Ruwa ya kusa. Sa ɗaya ba ya jan garma. Kana da ɗaya, ina da ɗaya, kuma sun san juna. Mu haɗa su a karkiya ɗaya. Yau gonarka, gobe tawa. Ba wanda zai ce komi, in ma an ce, a ce."

Maganar ta shiga kunnen Zailani, kuma ya san gaskiya ce. Amma ya hango kansa yana tafiya gona a bayan san Gide, mutanen gindin tsamiya suna kallo. Ya hango ranar da za a ce ashe rugar Mabai kujera ce.

Ya ce, "Dillalin nan ya ruɗe. Sana yana ruga, kwanan nan za a kawo shi."

"Zailani, ni ne fa."

"Na ce maka yana ruga. In kai ka sayar da naka ka sayi waƙa, wannan ruwanka. Kada ka jawo ni ciki."

Gide ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "To, Allah ya kawo shi lafiya." Ya sa takalmansa ya fita.

Akwai wani Rabo a cikin tsohon gari, wanda sansa ɗaya ya mutu da rani. Gide ya je wurinsa suka yi magana, suka shirya. Da ruwan shuka ya sauka, aka ga san Gide da na Rabo a karkiya ɗaya. An yi surutu kwana biyu a gindin tsamiya, an tsokani Gide, ya yi dariya ya ce ai ya ji waƙa ya ƙoshi. Daga nan maganar ta mutu.

Zailani kuwa gonakinsa na garmar shanu ne. Ya faɗaɗa su tun da ya sami shanu, sun fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Ya ɗauki garmar hannu ya shiga. Ya yi aiki kamar zai mutu, amma kafin ya gama kusurwa ɗaya ciyawa ta rufe ɗayar. Ya nemi 'yan ƙwadago, suka ce sai da abinci da lada, ba shi da ko ɗaya. Ya sayar da keken, abin da ya samu bai kai kuɗin maraƙi ba, don da damina ta faɗi shanun huɗa sun yi tsada. Kuɗin ya tafi a cefane.

Har ya taɓa aron jaki ya haɗa shi da san, can gonar da ke nesa da hanya. Jakin ya ja gabas, san ya tsaya yana kallonsa. Ya kwance su ya dawo.

Duk wanda ya tambaye shi labarin jan sa, sai ya ce yana nan tafe.

Ya aika wa kafintan Funtuwa ko zai karɓi kujerar. Kafintan ya ce shi yi yake, ba ya saye. Ya yi wa wani mai sayen auduga tayi a ɓoye, mutumin ya ce ƙofar zaurensa ƙarama ce, kuma ba ya son ya fasa.

Dawar mutane ta kai gwiwa, tasa tana fama da ciyawa, rawaya, siririya. Gonar auduga kuwa ko huɗa ba a yi ba, ga lokacin shukarta yana wucewa.

Wata safiya Baraka ta same shi a zaure. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na share ƙasan rumbu jiya. Abin da na samu shi muka ci."

"Ki ɗan jure. Ina nan ina dabara."

"Ni zan jure. Yara da Goggo fa?"

Zailani ya ɗauki garma ya fita.

Da ya dawo da azahar, yana shan kwanar unguwa sai ya hangi Goggo tana fitowa daga gidan Gide. Tana dogara sanda da hannu ɗaya, ɗayan hannun tana riƙe da ƙwarya cike da dawa. Ko rufe ta ba ta yi ba. Mata biyu suna tsaye a bakin rijiya suna kallo, ta gaishe su ta wuce.

Ya bi ta har cikin gida. "Goggo, mi kika yi haka? A gidan Gide? A gaban mutane?"

Ta ajiye ƙwaryar a gaban Baraka, ta ce a jiƙa. Sannan ta juyo.

"Yunwa nake ji, jikokina suna jin yunwa, na je gidan da na san akwai hatsi na ce a ba ni. Uwar yaron nan tare muka yi surfe shekara da shekaru. Ni ban sayi kujera ba, don haka ban ga abin da zan ɓoye ba."

"Kin tona mani asiri."

"Wane asiri? Kai kaɗai ne a garin nan ba ka san kowa ya sani ba. Tun ranar da aka fasa ƙofa aka gama maganarka. Ana ƙyale ka ne don ana jin kunyar ubanka."

Ta shige ɗakinta.

Zailani ya koma zaure. Ya tsaya a gaban kujerar, bai zauna ba. Abin da ya fi yi masa zafi ba yunwar ba ce. Watanni ya yi yana gadin wata ƙarya, ya bar gona ta lalace saboda ita, ashe ba wanda ya taɓa yarda da ita.

Bayan la'asar, lokacin da gindin tsamiya ya cika, ya kwance san da ya rage masa. Akwai hanya ta bayan gida wadda za ta kai shi ƙofar Gide ba tare da kowa ya gani ba. Bai bi ta ba. Ya ja igiyar ya fito ta gaba, ya bi ta bakin masallaci, ya yi wa mutane sallama. Wani dattijo ya ce, "Malam Zailani, ina ɗan'uwanshi?"

Ya ce, "Na sayar da shi tun rani, Baba. Kujera na saya."

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya ce Allah ya mayar da alheri, aka ce amin.

Gide yana ƙofar gida yana gyaran karkiya. Ya ɗaga kai ya ga mutum da sa. Zailani ya tsuguna a ƙasa kusa da shi.

"Na zo a makare."

Gide ya ce, "Ka makara kam. Dawarka ta wuce, ko shanu goma aka sa ba za ta dawo ba. Kuma na riga na yi alkawari da Rabo, ba zan saɓa ba." Ya dubi san, wanda ya yi ƙiba don bai yi aikin komai ba. "Amma namu sun gaji. In Rabo ya yarda, a riƙa hutar da ɗaya ana sa naka. Auduga tana da sauran 'yan kwanaki."

Rabo ya yarda. Suka yi wa Zailani huɗar gonar auduga, aka shuka ta a ƙurarren lokaci. Shi kuma ya bi su gonakinsu da sansa har aka gama aikin damina. A cikin kwanakin nan Gide bai taɓa tayar da maganar zaure ba. Sau ɗaya kawai, suna hutawa a gindin kaɗanya, ya ce, "Ka san a majigin nan, ni na ɗauka kai ake nunawa." Zailani ya ce, "Ni ma kai na gani." Suka yi 'yar dariya, suka tashi suka koma aiki.

Sai dai auduga ba a cin ta, kuma kaka da saura. Ƙwaryar maƙwabci ba za ta riƙe gida wata uku ba. Gide kansa a takure yake.

Zailani yana da wata fadama da ya gada, a bakin rafi. Ubansa ne ya sare ta, ya dasa mangwaro a gefe, ana rake a ciki da albasa da rani. Ita kaɗai ce abin da ya rage masa wanda wani zai so. Rabo yana da hatsi a rumbu. Aka je gaban mai gari da shaidu, Rabo ya karɓi fadama, Zailani ya karɓi dawa. Rabo bai cuce shi ba, abin da ta kai a irin wannan lokaci shi ya bayar.

Da aka gaya wa Goggo, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a raka ta ta ga wurin. Ta zauna a gindin mangwaron da mijinta ya dasa har rana ta yi sanyi, sannan ta ce a mayar da ita gida. Ba ta ƙara zuwa ba.

Gidan Zailani bai kwana da yunwa ba a wannan damina. Audugar ta yi rabin abin da ta saba. Sai da ya yi kaka biyu kafin ya mayar da sa na biyu. Ya sake shimfiɗa tabarma a zaure, mutane suka dawo kaɗan kaɗan. Kujerar aka tura ta lungu. Ɓeraye suka shiga ta ƙasa suka cinye audugar rimin, sifirin ya ɓullo ta cikin yadi.

Daga baya ya sami hali, ya je wurin Rabo ya nemi a sayar masa da fadamar. Rabo ya ba shi haƙuri. Ya ce ya riga ya raba wa 'ya'yansa, sun yi dashe a ciki.

Zailani ya rayu ya tsufa, mutum mai mutunci a garin, ana kiransa sulhu idan maƙwabta sun saɓa. Amma wurin nan na bakin rafi, tun yana da rai mutane suka daina ce masa fadamar gidan su Zailani. Suka koma ce masa Fadamar Kujera. Jikokinsa sun taso sun ji ana faɗin sunan, suna zuwa can su sayi rake.

Darasi: Kada ka auna gidanka da abin da ka leƙo a gidan maƙwabci, kuma kada ka sayar da abin da ke ciyar da kai don ka sayi abin da za a kalle ka da shi. Idan an nuna aibi ana dariya, ka fara duba kanka kafin ka nuna wani. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka amsa da wuri, domin kuskuren Zailani sa ɗaya ya ci, girman kansa ne ya cinye gadon ubansa. Ka tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke shirin kwance sansa a yau.